Minti Uku-Uku a Gaban Hukumar Makarantu

Shekara biyu ina koyar da tarihin Amurka a garinmu na kudancin jihar Jojiya, yara suna hamma. Littafin da aka ba mu ba komai cikinsa sai sunayen shugabanni da shekarun yaƙi. Sai na zauna na zana nawa: shafi goma sha biyu, hotunan mutane, maganarsu a rubuce bisa kawunansu. Labarin Mis Ozella Tate ne, tsohuwar mai dafa abincin makarantarmu, wadda ta je rajistar zaɓe tana budurwa aka kore ta sau uku don baƙar fata ce. Yaran da ba sa buɗe littafi suka koma ƙwacensa a hannun juna.

Ba a yi wata ba hukumar makarantu ta aiko takarda: a kwashe shi daga aji, wai yana fama tsohon miki. Abokan aikina suka ce in yi haƙuri. Haƙurin nan ne fa ya sa jikokin Mis Ozella ba su san abin da aka yi mata ba!

A ƙa'idar zaman hukumar, duk ɗan gari da ya rubuta sunansa a takardar bakin ƙofa yana da minti uku, kuma dole a saurare shi. Ranar Talata da la'asar, a zaman hukumar, na miƙe. Shugaba, Mista Harlan Pruitt, ya danna agogo.

"Mis Whitlow, an riga an yanke hukunci."

"Ba roƙo na zo yi ba, yallaɓai. Karatu na zo yi."

Na ɗaga shafin farko kowa ya gani, na karanta. Agogo ya yi ƙara.

"Lokacinki ya ƙare. Na gaba, Cleon Battle."

Cleon mai aski ya karɓi littafin ya ɗora daga shafi na biyu. Bayansa direbar motar makaranta, sai matar fasto. Mista Pruitt ya duba takardar da kyau: suna goma sha biyu.

"Wannan ai wasa ne da hankalin mutane," in ji shi.

"Ƙa'idarku ce, ɗan'uwa," in ji Cleon. "Mu bin ta kawai muke yi."

Suna na ƙarshe na Mis Ozella ne. Ta tako da sandarta.

"Harlan, ɗan nan, gyara zama. Shekara shida ina ƙara maka wake da burodin masara, ban taɓa danna maka agogo ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta ɗaga shafin ƙarshe.

"Yarinyar nan ta ƙara mini kyau, na gode. Amma ta yi kuskure. Sau huɗu aka kore ni, ba uku ba. Na huɗun ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Ta ba da labarin na huɗun. Agogo ya yi ta ƙara, ba wanda ya ce mata ta zauna.

Duk da haka suka kaɗa ƙuri'a, uku da biyu: littafin ba zai koma aji ba.

Na je gida na sake zana shafin, na mai da sau ukun sau huɗu, na buga littafin kwafi ɗari biyu, na kai shagon Cleon. Ikon hukuma iyakarsa ƙofar makaranta. Ranar Asabar yara suka cika bencin Cleon har bakin titi, kowa da littafi a hannu, rabinsu ko gashin askewa ba su da shi.