Farashin Muryar Malam Muttaka

Jar fitila ta kama a saman ƙofa. Malam Muttaka ya matso da bakinsa kusa da makirfo, tazarar yatsu huɗu, yadda ya saba. Bai dubi takardar ba. Ya ja numfashi sau ɗaya, ya fara.

"Manomi, ina kwana? Rani ya shigo, fetur ya yi tsada, albasa tana jiran ruwa."

Haka ya tafi da tallar, ta injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Inda ya kamata a ɗaga murya ya ɗaga, inda ya kamata a yi raɗa ya yi, ya zo ya sauke ta a kan sunan injin. Ta bayan gilashi mai situdiyon, Puan Suraya, ta dubi agogon kwamfuta. Daƙiƙa ashirin da tara. Talatin aka ba ta. Ɗalibai uku ta gwada a makon, kowannensu sai da ya haura arba'in, ga harɗewar harshe.

"One take, uncle!" ta ce da ya fito, tana tafa hannu.

Bai yi murmushi ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tallar rediyo a Kano: sabulu, batir, takin zamani, maganin sauro. Iliminsa bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma har yau akwai tsofaffin direbobi da suka haddace tallarsa ta batir. Wata biyu ke nan da zuwansa Kuala Lumpur, ganin 'yarsa Barira da ta haihu. Mijinta Tajuddeen yana karatun digiri na uku, suna zaune a unguwar Danau Kota. Shi ne yake tsaye a jikin bango yanzu, ya haɗe hannuwa a baya. Shi ya kawo tsohon wannan bene na unguwar Sentul, shi ne kuma tafinta.

Shi ne ma ya ɗauro maganar. A zauren WhatsApp na ɗaliban Nijeriya ya ga ana neman muryar Hausa. Da matar ta tambayi farashi, sai ya amsa irin ta ɗan mutunci: ko nawa kuka bayar. A gida, duk wanda aka faɗa wa haka an ɗora masa nauyi ne, zai ji kunyar ya ba da kaɗan. Ita kuwa ta ɗauki maganar yadda ta zo mata. Ta ce ringgit ɗari, kuɗin ƙasar. Ya ce boleh, wato ya yarda. Sai yau a jirgin ƙasa ya faɗa wa surukinsa, idonsa a ƙasa. Shekara shida da auren nan, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa magana ta wuce gaisuwa da tambayar karatu ba.

Puan Suraya ta turo takarda da biro.

"Karanta mini," in ji tsohon.

"Baba, ai formality ne kawai. Sa hannu za a yi."

"Karanta."

Tajuddeen ya karanta yana fassarawa. Tun a layi na uku muryarsa ta fara raguwa. Talla goma ce, ba ɗaya ba. Kowace ringgit ɗari. Za a sa a rediyo, a talabijin, a intanet, a kowace ƙasa. Idan an sauya rubutu, zai dawo ya sake ɗauka kyauta.

"Har yaushe?"

"Ba su sa lokaci ba, Baba."

"Wato har bayan na mutu."

Tsohon ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Da kai aka yi maganar guda nawa?"

"Ɗaya."

Malam Muttaka ya zauna, ya jingine lemarsa a jikin kujera. Abu biyu ne a gabansa. In ya ce bai yarda da ɗarin ba, ya ƙaryata mijin 'yarsa a gaban baƙuwa. In ya sa hannu, ya sayar da aikin shekara arba'in a kuɗin cefanen kwana biyu, kuma gobe duk Bahaushen da ya hawo benen nan, wannan takardar za a nuna masa.

"Faɗa mata. Wannan da na yi, ɗari ce. Kai ka faɗa, maganar ta zauna. Ko sisi ban ƙara ba. Taran da suka rage ba da kai aka yi ba. Da ni za a yi."

Aka faɗa mata. Ta ɗaga gira, ta ja kujera ta zauna ita ma.

"Tambaye ta, tasha nawa?"

Shida, in ji ta.

"Jiha nawa?"

Uku: Kano, Jigawa, Kebbi.

"Wata nawa?"

Ta duba wayarta. Lokacin noman rani dai, ta ce.

"To wata shida." Ya zaro takarda daga aljihun gaba ya shimfiɗa a kan tebur. Ta gaba rubutun boko ne da aka turo, wanda Barira ta karanta masa jiya da hantsi tana shayar da jariri. Ta baya nasa ne, da ajami, rabin tsawon wancan. "Nuna mata. Wanda ya fassara wannan bai taɓa tsayawa a bakin fadama ba. Ni na gyara. Ba murya kaɗai take saya ba."

Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Kowace talla ɗari bakwai. Rediyo kawai, wata shida. In suna so ta ci gaba bayan nan, rabin kuɗin. In ni na yi kuskure, na sake kyauta. In su suka sauya rubutu, sabon aiki ne. Faɗa mata."

Tajuddeen ya juya, ya fara Turanci. Ya yi 'yar dariya. Ya sosa ƙeya. Maganar ta yi tsawo, tana hawa a ƙarshen kowace jimla. Tsohon ya tsinci "sorry" sau biyu, da "maybe", sannan lambar ta fito can ƙasa-ƙasa, a guje, da wata dariyar a bayanta.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Ban ce sori ba."

"Baba, nan sai an ɗan lallaɓa su ne. Ba kamar gida ba, they are very soft..."

"Ba na jin Turanci. Amma muryar mai roƙo na san ta a kowane yare." Bai dube shi ba, bangon yake kallo. "Sake."

Matashin ya tsaya.

"Saki hannuwanka. Ɗaga haɓa. Numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Kar ka yi sauri. In ka zo kan lambar, sauke murya, ka tsaya. Kar ka ƙara komai a bayanta. Ko tari."

Tajuddeen ya saki hannuwa. Ya ja numfashi. Ya faɗa a jimla huɗu, ya sauke a kan "seven hundred", ya rufe baki. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar guduma daga shagon gyaran babura da ke ƙasa. Leɓensa ya motsa zai cike shirun. Tsohon ya buga lema a ƙasa sau ɗaya, a hankali. Ya fasa.

"Wah, mahal lah, uncle," in ji Puan Suraya. Ta ce ya yi tsada. Ta ce ɗalibai tamanin suke karɓa, har da godiya. Ta ce za ta iya ɗari uku, don shi ne.

"Albarka." Malam Muttaka ya miƙe, ya ɗauki lemarsa. "Ɗaliban suna nan. Ta kira su. A ba ta tallar ɗaya, a ba mu ɗarinmu."

Wannan karon Tajuddeen bai rage ko kalma ba. Matar ta dubi tsohon, ta dubi kwamfutar, ta danna. Muryarsa ta cika ɗakin: manomi, ina kwana. Ba ta san me yake cewa ba, amma ta saurara har ƙarshe. Ta ce su ba ta minti biyar ta kira kamfanin injin, ta fita da wayar.

Suka rage su biyu. Tajuddeen ya durƙusa kaɗan.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni na..."

"Tashi. Gilashi ne, ana ganinka."

Ya tashi. Minti biyar ta zama goma sha biyar. Malam Muttaka yana tsaye, bai koma kan kujerar ba. A ransa ya riga ya sallama aikin. Yana tunanin atamfar da ya gani a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, wadda ya so ya saya wa Barira da kuɗin guminsa, ba da kuɗin mijinta ba. To, sai wani lokaci.

Ƙofa ta buɗe. Puan Suraya ta shigo tana magana da sauri, ta ƙare da ɗaga kafaɗa, irin ta wanda yake neman ɗan ƙaramin abu. Tsohon ya jira fassara. Ba ta zo ba. Tajuddeen ne ya amsa mata kai tsaye, haɓa a sama, jimla biyu, ya sauke murya ya tsaya. Matar ta rufe ido, ta furzar da iska.

"Okay lah. Boleh." Ta ja takardar ta fara soke layuka.

Sai a lokacin matashin ya tuna da wanda yake tsaye a gefensa. Ya sunkuyar da kai.

"Me aka yi?"

"Sun yarda da ɗari bakwai, Baba. Sai ta ce a haɗa musu da intanet a ciki, kyauta. Ni kuma... na ce intanet daban ne. Ɗari uku a kan kowace. Ban tambaye ka ba."

Malam Muttaka ya karɓi biro. Ya sa aka karanta masa gyaran layi-layi, sannan ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu, a natse. Ya karɓi takardar talla ta biyu, ya nufi ɗakin ɗauka. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Intanet ɗin, ni ɗari biyu na yi niyya," ya ce.

Ya shiga ya ja ƙofar.