Hannun da Ya Riga Maigida

Ƙanena Muhsin bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Gona sai rana ta take yake zuwa, sallar Idi kuwa a raka'a ta biyu ake ganinsa. Shi ya sa ranar da ya ce mini kwamfuta ce take sa shi latti, sai da na ajiye tsintsiya na yi dariya ta ishe ni.

Ashe a wannan karon da gaskiyarsa. Ya musanya ragonsa da jitar lantarki, ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar injin markaɗe, ya haɗa su da wani kebul na arha, ya toshe kunnuwansa da iyafis na bulutut, abin sauraron nan marar waya. In ya taɓa tsirkiya, sai sautin ya gama yawonsa a cikin kwamfuta sannan ya iso kunnensa. Na gwada da kaina, kamar ka yi sallama a gidan kurma.

Duk wannan wahala saboda Alhaji Jalo ne, mawaƙin biki na Kabo, kawun mijina. Yana neman mai jita a ƙungiyarsa, ni kuma da karambanina na je har gida na durƙusa na ce ga ƙanena. Ya turo kiɗan wata waƙarsa ta waya, ya ce yaron ya koya, bayan girbi ya zo ya buga a gabansa.

Muhsin ya kwashe bargunan Inna ya manna a bangon ɗakinsa a nan Kara, wai don kada amo ya dawo. Batirin solar gidan ya zama nasa. Ya rage wani abu da yake kira bafa, kwamfutar ta hau ƙara kamar ana suyar gyaɗa, ya mayar. Da ya rasa dabara, sai ya daina faɗa da lattin, ya shiga lallaɓa shi. Kullum yana ciki yana bin kiɗan Jalo, har hannunsa ya koyi faɗa wa tsirkiya tun kafin gangar ta sauka, don sautin ya iso kunnensa daidai. Damina guda ya yi a haka, gero na jiran noma.

Ana gobe tafiya wani mai gyaran rediyo a Gwarzo ya ba shi ɗan akwatin sauti na hannu, ya karɓi iyafis ɗin da keken Muhsin. Akwatin yana da maɓalli guda da ke kai jita kunne kai tsaye, ba sai ta bi ta kwamfuta ba. Muhsin ya ja tsirkiya sau ɗaya, ya daka tsalle.

"Yaya Zinnira, latti ya ƙare! Wallahi ko ƙiftawar ido babu!"

"To zauna ka bi waƙar daga farko mu ji."

"Haba Yaya, wanda ya iya da matsala, ina ga babu matsalar?"

Bai bi ba. Ya wuni yana goge akwatin da gefen rigarsa, yana nuna wa duk wanda ya shigo gaida Inna.

A Kabo na zauna a bakin ƙofa tare da Hajiya Furera, matar Jalo. Aka yi gaisuwa har da ta gajiyar kaka da lafiyar shanun Baba. Muhsin ya baje kebul cike da tabarma, ya jona akwatin da lasifika, yana yi wa dattawa bayanin da ba su tambaye shi ba. Haladu mai kalangu ya saɓa gangarsa, 'yan amshi suka gyara zama.

To, a gidan Jalo akwai ƙa'ida. Maigida ne ke buɗe baki, kalangu ya bi shi, 'yan amshi su karɓa. Ko tari ba a yi kafin ya fara.

Jalo ya ja numfashi zai ɗauko baiti, jita ta ce ƙwal. Ya dubi Muhsin, ya sake ja. Ƙwal. Haladu ya ƙara wuta don ya kamo yaron, yaron ya ƙara gaba, domin hannun nan ya rantse sai ya riga ganga. 'Yan amshi suka rikice, rabi na bin jita, rabi na bin Maigida. Hajiya Furera ta cusa mayafi a baki. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Jalo ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ɗana, kai ne za ka yi mana waƙar?"

"A'a Baba, ai na'urar ce…" Muhsin ya dubi akwatin. Akwatin bai yi laifin komai ba, kuma ya sani.

"Na zauna da makaɗa masu nawa, na jira su. Amma wanda zai riga ni buɗe baki a ɗakina, ya je ya kafa tasa ƙungiyar." Ya waiwayo ƙofa. "Zinnira, ki gaida mutan gida."

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Na shirya baƙaƙen maganganu cike da baki, da na ga yadda ya rungume akwatin a cinya sai tausayinsa ya kama ni, na haɗiye rabi.

"Yaya," ya ce a hankali, "kina ganin mai gyaran nan zai mayar mini da iyafis ɗina? Da shi daidai nake bugawa."

"Daidai a kunnenka kai kaɗai," na ce.

A Gwarzo ya sauka neman mai gyaran, ni na wuce. Daga can zuwa Kara a ƙasa ya taka, tunda keken ya tafi. Sai bayan la'asar ya iso gida.