Mazarƙwailar Inna Hure

Kaltume ta tare kwanon tun kafin ya ƙaraso tsakar gida.

"Sannu da zuwa, Larai. Kawo in karɓe ki."

"Kunun tsamiya ne na dama wa Malam Dallatu," in ji maƙwabciyar tata, tana leƙen rumfar da mai jinyar yake kwance. "Har suga na zuba masa, ɗan abin da na ɓoye tun azumi."

"Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Kwanon bai je rumfa ba. Ɗakinta ta kai shi, ta rufe da faifai kusa da kwalaben lemo da gwangwanin madara da ƙullin dabino, duk kayan 'yan dubiya na tun safe. Larai ta bi ta da kallo, ta gaida mara lafiya sama-sama, ta fita tana gyaran mayafi da ƙarfi. Kaltume ta san kafin azahar zancen ya gama zaga ƙauyen.

Jiya aka sallamo mijinta daga asibiti a Kano. Kututturen dawa ne ya soke shi a gona, ɗan ciwon da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka auna jininsa aka ce ciwon suga ne, sannan aka cire masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ranar sallama malamar asibiti ta ja Kaltume gefe, ta nuna mata mutumin gadon kusa da nasu, wanda zani ya kwanta shafal daga gwiwarsa zuwa ƙasa. Ta ce ya sha magani a kan lokaci, a rage masa tuwo, duk wani abu mai zaƙi kuma a nesanta shi da bakinsa, in ba haka ba nan gaba ƙafar ce za ta tafi. Ga damina ta kawo kai, ga bakuna bakwai a gida, manomi kuwa da ƙafa yake shiga kunya.

Abin haushin shi ne, a bana suga ya fi ƙarfin kowa. Shekara ce da mudun masara ya gagari magidanta, mai shayin tashar Makoda ma sai ya juya baya yake zuba rabin cokali. Duk wanda ya kawo wa Dallatu zaƙi, daga bakin 'ya'yansa ya cire. Kaltume ta san haka, kuma yana yi mata ciwo. Shi ko gogan, mutumin da ko ƙuda bai fi shi son zaƙi ba, yana kwance yana bin kowane kwano da ido kamar maraya.

"Ko ɗanɗane ba za a ba ni ba?" ya ce.

"Ga zogale can na dafa maka, Malam."

"Zogale! Sai ka ce akuya."

Bayan la'asar aka yi sallama. Lawan ne, yayan Dallatu, riƙe da hannun mahaifiyarsu Inna Hure, liman Malam Uwaisu na biye. Inna ta tsufa, idanunta sun yi yana, da ƙyar take bambance mutum da turmi. Kaltume ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su, ta shimfiɗa tabarma, ta koma gefe ta sunkuyar da kai. Fiye da shekara ashirin tana gidan nan, Inna ba ta taɓa ganin ta ko tana tauna goro ba. In tsohuwar ta shigo ana cin abinci, ɗaki take shigewa da kwanonta, ko ta haƙura da yunwa. Da wannan kunyar ake misali a dangi.

"Auta, yaya jikin?" in ji Inna, tana lalubar kansa.

"Da sauƙi, Inna."

"Ɗan miki ne, ai na faɗa miki," Lawan ya yi saurin cewa, yana ƙifta wa Kaltume ido. Tun a asibiti ya yanke hukunci kada a gaya wa tsohuwa an yanki ɗanta, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Inna ta kwance bakin zaninta. Mazarƙwaila ce curi guda, ja-wur, ƙamshin rake na tashi daga jikinta.

"Kazata mai ƙwai na sa aka kai kasuwa. Tun yana goyo, in ya yi zazzaɓi ba abin da yake buɗe masa baki sai ita."

Kaltume ta dubi curin. Ba ta iya yi wa Inna magana kai tsaye ba, sai ta juya wajen Lawan, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, likita ya hana shi zaƙi."

"Suga likita ya hana," in ji Lawan. "Suga kuwa shi ne farin nan na kanti. Wannan ruwan rake ne na fadamarmu, kakanninmu sun sha ba abin da ya same su. Ko ba haka ba, Malam?"

Malam Uwaisu ya gyara zama, dama tambaya yake jira. "To, shi dai suga sunan Turawa ne. Mu da sukari muka san shi, daga bakin Larabawa, su sukkar suke cewa. Su ma an ce daga can ƙasar Indiya suka samo, kuma wai asalin sunan tsakuwa yake nufi, saboda 'yan ƙwayoyinsa. In ka bi ta nan, abin da ba shi da ƙwaya..." Ya kalli curin, ya shafa gemu. "Allahu a'alamu. Ni dai ba likita ba ne."

"Kin ji," in ji Lawan. "Kuma bari in faɗa miki, ana ta magana a gari. An ce duk abin da aka kawo wa ƙanina ɗakinki yake shigewa. Kada ki ja wa kanki suna."

Maganar ta soke ta, har idonta ya kawo ruwa. Inna ta riga ta ɓalli gefen mazarƙwailar ta danƙa a tafin ɗanta.

"Ci, Auta. Da hannuna na ba ka."

Dallatu ya kalli matarsa, ya kalli uwarsa. Ko babu kwaɗayi, wane ɗa ne zai mayar wa mahaifiyarsa abin da ta sayar da kazarta ta saya masa? Hannunsa ya fara tafiya zuwa baki.

Kaltume ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta rarrafo kan tabarmar, ta ɓamɓare yatsun mijinta, ta jefa ɓallin a bakinta. A gaban Inna, a gaban Yaya, a gaban liman, ta tauna shi ƙurus-ƙurus.

"Inna lillahi!" in ji Lawan. "Kaltume, kanki ɗaya kuwa?"

"Me ya faru?" in ji Inna. "Wa nake ji yana tauna?"

"Ni ce, Inna."

A hankali tsohuwar ta sake ɓallar wani ta miƙa wajen ɗanta. Kaltume ta tare da hannu biyu, ta cinye. Zaƙin ya cika mata baki har yana tayar mata da zuciya, hawaye na gangarowa, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ba ta ja da baya ba.

"Ki gafarce ni, Inna. Ko sau nawa kika ɓalla, ni zan cinye. A kira ni mara kunya, a kira ni marowaciya, na yarda. Ita ƙafar nan ba ta san na kanti da na fadama ba, ba ta kuma jin Larabci."

"Wace ƙafa? Ba miki ba ne?"

"Kaltume!" Lawan ya daka tsawa.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta warware bandejin a hankali, ta bar audugar da ke kan ciwon, ta kamo hannun Inna ta ɗora kan yatsun. Tsohuwar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga babban, kamar yadda ta bi su ranar da aka haife shi. Bayan na huɗu hannunta ya faɗa kan auduga. Ta sake komawa farko. Ta sake isowa wurin.

"Ina ɗayan?"

"An cire shi, Inna," in ji Dallatu. "Sun ce in ban kiyaye ba, har gwiwa."

Malam Uwaisu ya duƙufa kan carbinsa. Inna ta daɗe riƙe da ƙafar, leɓunanta na motsi. Ba ta suma ba, ba ta yi kururuwa ba.

"Ni kuka mayar yarinya," ta ce wa Lawan. "Na binne miji, na binne 'ya'ya uku, yatsa ne zai kashe ni? Da ka bar ni na ciyar da shi ajalinsa da hannuna."

Sannan ta miƙa wa Lawan hannu.

"Ɗaga ni. A kai mini kujera bakin ƙofa."

Aka kai. Ta zauna daidai mashigar tsakar gida, ta gicciya sandarta. Ba a jima ba wata mata ta yi sallama da langa a hannu.

"Wace ce? Zuliha? Me kika riƙo?"

"Fura ce, Inna, da ɗan suga."

"Allah ya yi albarka. Ajiye nan gabana. Mara lafiya gaisuwa kawai yake ci."

Kaltume ta gama ɗaure bandejin, ta tashi za ta sulale ɗaki, don har yanzu ba ta iya ɗaga ido ba. Sandar Inna ta tare ta.

"Ina za ki? Ashe kina da haƙora. Shekara da shekaru ina zaton iska kike sha." Ta tura mata ragowar mazarƙwailar. "Wannan ki raba wa yara. Sannan ki ɗauko kunun Larai da aka ce kin ɓoye, kafin ya lalace. Ki haɗo da ludayi biyu."