Gudun Yada Surukin Wani

Laifin da Sharhabil ya yi wa surukinsa wata ranar Asabar a Katabu bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, amma sai da ya hana shi jin daɗin tuwo har kwana shida. Ya ga Malam Datti, mahaifin matarsa, a tsaye a bakin titin Zariya, dattijon ya ɗaga hannu, shi kuwa ya kau da kai ya wuce a guje. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mutumin da ya ba ka 'yarsa lokacin da ba ka da aikin fari bare na baƙi, kuma ya shekara goma sha huɗu yana nuna ka a taro yana cewa ga ɗansa. Wannan matsayin ne Sharhabil yake tsoron ya riga ya zubar a bakin kwalta.

Shi dai Sharhabil ma'aikacin gwamnati ne, shekararsa arba'in da uku, yana zaune a Unguwar Kanawa da matarsa Na'ima, malamar sakandare, da 'ya'yansu uku. Wata biyar kafin nan wani abokin aikinsa, Nuhu, ya nuna masa hoton wani tseren fanfalaki a waya, wanda ake yi a kan duwatsun Filato, kilomita arba'in da biyu, hawa da gangara, ba kwalta ko taku ɗaya. Nuhu ya nuna ya manta, ya koma kan tsirensa. Sharhabil kuwa ya je ya sa suna, ya buga jadawalin horo ya manna a ƙofar firji. Ko wane ne ya tsara jadawalin nan, a bayyane yake bai taɓa zama a Kaduna ba. Bai bar gurbin ɗaurin aure ba, bai bar na suna ba, bai san ana ta'aziyya ba, kuma da alama bai taɓa jin cewa ana kai yara Islamiyya a ɗauko su ba.

Talata da Alhamis ranakun ƙarfafa jiki ne. Ya sa aka cika masa gwangwanayen fenti biyu da siminti, aka haɗa su da bututun ƙarfe, yana ɗagawa a tsakar gida yana nishi. Na'ima ta tsaya da ludayi a hannu ta kalle shi, ta ce idan nauyi yake nema ga buhun shinkafa can a but ɗin mota kwana biyu yana jiran mai ɗauka, ga kuma jarkokin ruwa. Ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa ba iri ɗaya ba ne, wannan an tsara shi ne don cinya da gadon baya. Ta ce ai ta lura, duk nauyin da zai amfani gidan ba ya cikin jadawali. Da ya kwanta rub da ciki zai fara dafa ƙasa yana ɗagowa, sai autarsu Hauwa'u ta ɗare bayansa tana cewa a kai ta Kawo. Haka yake lissafi, ya kai bakwai a kira shi gyaran fitila, ya dawo ya manta inda ya tsaya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan gaisuwa. Da farko a cikin unguwa yake gudu bayan sallar asuba, kuma a Unguwar Kanawa ba ka isa ka wuce dattijo kamar ka wuce turken lantarki ba. Sai ka tsaya, ka rusuna, a yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ina ruwa, ruwa ya yi gyara, agogon hannunka kuwa yana ta ƙirga maka gaisuwar a matsayin lalaci. Bayan an gama sai a zo kan tambayar da ta fi ci masa rai: lafiya dai, me ya koro ka? Don a garin nan ganin magidanci yana gudu ba a ɗaukarsa wasa. Akwai safiyar da wata mai ƙosai ta hango shi ya taho da gaske, ba ta tsaya tambaya ba ta suri kwanonta ta yi cikin gida, sai da ya koma ya ba ta haƙuri.

Shi ya sa ya koma Katabu, inda ba wanda ya san shi. Yakan ajiye mota a wani gidan mai, ya bi hanyoyin ƙafa ta cikin gonakin masara, ya hau ɗan tudun da ya samu ya sauko, ya dawo ta gefen babban titi. Na'ima ba ta so ba ko kaɗan.

"Abban Nafisa, mutane suna gudun daji, kai kana gudu cikin daji," in ji ta.

Ya yi mata alkawari ba zai yi nisan da zai daina jin ƙarar manyan motoci ba. Ta ci gaba da aikinta, ba don ta yarda ba.

Asabar ɗin da abin ya faru ita ce ta dogon gudunsa na ƙarshe, saura sati uku tsere. Asabar biyu kafin ta, ɗaurin aure ya cinye ɗaya, suna ya cinye ɗaya, kuma an san ba a fafe gora ranar tafiya. Kilomita talatin da biyu yake so ya yi a ƙasa da awa huɗu. Na'ima ta ba shi zuwa ƙarfe sha ɗaya, don tana da unguwa kuma ba za ta kwashi yara uku a keke ba. Ranar kuwa komai ya zo masa daidai. Ƙafa ta yi sauƙi, hadari ya rufe rana, ba wanda ya tsayar da shi. Ya fito gefen titi a kilomita ta talatin, agogo ya nuna yana da rarar minti uku kacal.

A nan ya hango farar hular da lemar da ya sani. Malam Datti ne, tsohon safiyo mai awon filaye, mazaunin Mando, mutumin da bai da wata harka a Katabu da Sharhabil ya sani. Yana tsaye shi kaɗai yana fuskantar titi. Da Sharhabil ya matso, dattijon ya juyo ya ɗaga hannu.

Gaida suruki ba irin ta dattawan unguwa ba ce. Sai ka cire takalmi, ka durƙusa har ƙasa, ka sunkuyar da kai, ka jira a sallame ka, sannan ka ce ina za a kai Baba. Ga shi kuma da gajeren wando, gwiwa a waje, gumi har cikin ido. Daga baya ya yi ta gaya wa kansa cewa kunyar wandon ce ta hana shi tsayawa. Ƙarya yake yi, kuma ya sani. Minti ukun nan ne. Ya jawo hular ranarsa ta rufe goshi, ya kalli gonar masara kamar ya ga wani abin mamaki a cikinta, ya wuce. Ya gama a awa uku da minti hamsin da takwas, ya dafa mota yana haki, ya nemi farin cikin da ya yi wata biyar yana jira ya rasa.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk ƙarar wayar Na'ima sai ya zabura. Kullum da yamma takan kira mahaifinta, shi kuma ya ƙirƙiri neman wani abu a kusa da kicin yana kasa kunne. Ran Litinin ta ce Baba ya tambaye shi. Ya ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi a gaishe shi. Wannan ta fi zagi ciwo. A ce a gaishe shi! Ya wuni a ofis yana juya maganar, yana jin haushin dattawan da ba sa faɗa su huta kai ma ka huta, yana jin haushin Nuhu, da Filato, da wanda ya ƙirƙiro agogo. Ran Talata hankalinsa ya tafi yana tsakiyar ɗaga ƙarfe, gwangwani ɗaya ya sulluɓe ya fasa robar wankin Na'ima. Ta kalli robar, ta kalle shi, ta ce to yanzu siminti ya fara aikin gida.

Ran Alhamis da safe, bayan yara sun shiga mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mata komai. Ya yi tsammanin faɗa. Ba ta yi ba. Ta ajiye jakarta, ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata babanta ne, kuma ko ya tabbata ya ɗaga hannu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har muryarta ta yi ƙasa. Ta ce wata biyar tana haƙuri da wankin kayan gumi da dafa abinci kala biyu da zuwa biki ita kaɗai kamar wadda mijinta yake gudun hijira, duk ba ta ce komai ba, amma wannan ba nata ba ne da za ta yafe.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba," ta ce. "Mando dai ba ta kai kilomita talatin da biyu ba."

Washegari bayan an sauko Juma'a ya sa babbar riga da hula, ya sayi lemo da ayaba a Kawo, ya nufi Mando. A hanya ya shirya maganarsa tsaf, ya cire batun wando, ya yanke shawarar faɗin gaskiya ya karɓi abin da zai biyo baya. Ya tarar da Malam Datti a zaure kan darduma, rediyo a gefe. Ya cire takalmi ya durƙusa. Dattijon ya ɗago yana kallon wajen ƙofa, bai ce komai ba, har sai da Sharhabil ya yi gaisuwa. Nan take fuskarsa ta washe.

"A'a, Sharhabilu ne? Matso kusa, ɗana. Allah ne ya kawo ka."

Aka gaisa har ƙasa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Wani jirgin sojan sama ya wuce ya cika zauren da ƙara, Sharhabil ya jira ya lafa don ya fara. Sai dattijon ya riga shi. Ya rage murya ya ce akwai maganar da yake so ya yi da namiji, kuma ba ya son Na'ima ta ji tukuna, don ya san ta da tada hankali. Idanunsa ne. Tun bayan babbar sallah suke ja da baya, yanzu mutum sai dai inuwa, mota kuwa sai ya ji ta. A gida yana lallaɓawa, ya san inda komai yake, ba wanda ya gane. Shi da ya shekara talatin yana hango turke daga nesa, ya ji nauyin faɗa.

Abin da ya karya masa gwiwa, in ji shi, ran Asabar ne. Ya je ta'aziyyar wani tsohon abokin aikinsa a Katabu, mota ta sauke shi a wancan hannun, gidan rasuwar kuma yana tsallake. Ya tsaya. Manyan motoci suna ta wucewa, ya kasa gane tazararsu. Ya fi rabin awa a wurin, girman kai ya hana shi kiran kowa.

"Sai na ji takun mutum a guje," ya ce. "Na ce to bari in aje kunya. Na ɗaga hannu ko zai kama ni mu tsallaka. Wallahi ya zo daf da ni, har iskarsa na ji. Ya wuce."

Maganar da Sharhabil ya shirya tun daga Kawo ta gaisuwa ce, ta rashin ladabi, ba ta wannan ba. Dattijon ya ce daga baya wata mai gasa masara ce ta bar kaskonta ta riƙe masa hannu. Ya ce bai riƙe mai gudun a rai ba, yaran yanzu kowa da abin da ya koro shi. Yana so dai Sharhabil ya nemo masa likitan ido, ya kai shi da kansa, ba tare da an yi shela ba.

"Baba," in ji Sharhabil. "Mai gudun nan..."

"Ƙyale shi, Allah ya shirye shi." Malam Datti ya laluba ya samo gwiwarsa ya dafa. "Ai ina tsaye a wurin kai ka faɗo mini a rai, don Na'ima ta ce kai ma kana taɓa gudun nan. Na ce a raina, da namu Sharhabilu ne, da ya tsaya."

Sharhabil ya sunkuyar da kai yana kallon hannun da ke kan gwiwarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya buɗe baki sau biyu, dattijon yana jira da murmushi, yana kallon gefen kafaɗarsa.

"To, Baba," ya ce. "Litinin da safe zan zo in ɗauke ka."