Tabaraun da Ya Bari

"Zauna mana, amarya, kin ishe ni da zirga-zirga," in ji yayar mijina.

Ina zan iya zama? Aikin mijina tatsar dafin gamsheƙa ne don haɗa magani, macijin nan mai fesa wa mutum dafi a ido. Yau ya fita a gaggauce, ya bar tabaraunsa na kariya kusa da kofin shayi. Na kira har na gaji, amma ba a shiga ɗakin macizai da waya.

"Ai suna da wasu a can."

"Ba ya sa na kowa, Yaya, wai suna matse masa hanci."

"To, ke da ko tsaka kika gani sai ihu?"

Na figi mayafina. "Idanun nan na aura. Ni zan kai masa, har bakin kejin."