Babur ɗin Ƙanƙara na Malam Iro

"Ja mana, Dokta! Ja kamar ka karya kumallo!"

Muhyiddeen ya ja igiyar. Injin ya yi tari, ya tofa masa baƙin hayaƙi a farar riga, ya yi shiru. Maƙwabcinsa Iro na zaune kan bokitin fenti da kumburarrun ƙafafu, sifana a hannu, yana murmushi kamar an yi masa albishir.

"Ka ji ko? Ya kusa. Fulogi ne kawai."

Tun da Muhyiddeen ya tare a wannan bene na unguwar Setapak, fulogi ne kawai. Wani satin kuma kafireta ce kawai. Abin dai babur ne na tafiya kan dusar ƙanƙara: gaba ƙafafu biyu kamar silifas ɗin ƙato, baya sarƙar roba irin ta tankar yaƙi. Wani wurin wasan ƙanƙara ne ya durƙushe aka yi gwanjon tarkacensa, duk faɗin Kuala Lumpur aka rasa mai saye sai Iro, mai tura wa ɗalibai kaya gida a kwantena. Nufinsa ya gyara, ya aika Yusufari, baƙi su riƙa hawa kan tudun yashi.

"Yashi da dusar ƙanƙara," in ji shi, "launi ne ya raba su."

Muhyiddeen bai taɓa cin karo da wauta mai ƙiba irin wannan ba. Abin da ya fi ci masa rai, wautar tana da wurin fakin mai rufi. Tasa 'yar motar tana waje, rana ta gasa, ruwa ya wanke, tsuntsaye su sa hannu. Iro kuwa ya yi alkawari: "Ranar da ya shiga kwantena, wurin naka ne." Wannan ne ya sa mutum mai furfura, wanda gwamnati ta turo digiri na uku har ta manta da shi, yake jan igiya duk Asabar. Kowa Dokta yake ce masa. Digirin ne dai bai san da zancen ba.

Ranar da injin ya ga dama ya tashi, sai wata masifar ta bayyana. Ashe ba shi da fanka; dusar da sarƙar ke watsa masa a ciki ita ke sanyaya shi. A zafin Setapak, kafin a gama gaisawa ya ɗau zafi ya mutu.

"To Malam Iro, a Yusufari yashi ne zai yi masa fifita?"

"Akwai masu ƙanƙara a Gashuwa. Kai dai ja."

Daga nan mai shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na bakin titi, ya fara kawo ƙanƙara cikin leda duk Asabar. Iro ya cusa ta ƙarƙashin babur ɗin, a ja igiya, ruwa ya malale har gindin motocin mutane. Shi kansa likitoci sun hana shi shan ruwa da yawa saboda ƙoda, don haka yakan saci ɗan gutsure ya jefa a baki.

"Baban Ulfa, na gan ka!" matarsa Hajjo kan ce daga bakin lif. "Tofar!"

"Ɗanɗana masa nake, Hajjo, ko ta yi sanyi."

Da ƙafafun suka daina shiga takalmi, Iro ya daina saukowa. Wata rana Muhyiddeen ya tsaya yana kallon babur ɗin, sai ya kama kansa yana lissafin cewa idan Iro ya cika, wurin zai zo hannunsa ba sai an jira kwantena ba. Ya ji kunya, amma kunyar ba ta wuce lokacin hawan lif ba.

Ya je duba shi a asibiti. Iro ya ƙanƙance a kan gado, leɓɓansa sun tsage.

"Dokta, na gano. Bel ne kawai. Asabar ka gwada min."

"In sha Allahu," in ji Muhyiddeen, da irin muryar da yake amsa wa malaminsa zancen babi na huɗu.

Alhamis Iro ya cika. Aka sallace shi bayan Juma'a, aka kai shi. Asabar da hantsi Hajjo ta sauko ta sami Muhyiddeen a wurin fakin. Wai wucewa yake yi.

"Dokta, ya ce wurin naka ne. Masu sayen tarkace za su zo da la'asar."

"Haba Hajiya, ai ba gaggawa."

Makullin motarsa na hannunsa.

Sai ga mai shagon mamak a kan nasa babur, leda biyu na ɗiga. "Ina bos? Ƙanƙara, lah." Ba wanda ya tuna ya gaya masa. Hajjo ta juya fuska ga bango.

Muhyiddeen ya karɓi ledojin, don tsayawa bayani ya fi nauyi. Ya durƙusa cikin kayan zaman makoki, ya cusa ƙanƙarar inda ya saba gani ana cusawa, ya ja igiya don ya sauke nauyin in sha Allahunsa.

Shegen ya tashi. Ba a taɓa bel ba, ba a taɓa fulogi ba. Ya tashi kawai, yana ruri har ƙararrawar wata mota ta ɗauka. Hajjo ta rufe baki da mayafi. Suka tsaya cikin hayaƙi har ƙanƙarar ta narke, injin ya yi tarinsa ya mutu.

"Da ma haka muryarsa take?" ta ce. "Daga sama ban taɓa jin sa sosai ba."

Da la'asar aka ɗora shi a akori-kura aka tafi. Muhyiddeen ya shigo da motarsa a hankali cikin inuwa. Bokitin fentin na nan a tsakiya, sifana a kai. Ya taka burki, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kashe mota ya fito. Gabanta na inuwa, bayanta na rana, ragowar ruwan ƙanƙarar na bi ta ƙarƙashinta zuwa kwata.