Ɗaya Sitiyari, Ɗaya Birki

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin maganar gidan maƙwabciyata Kabula ce, kuma wani zai ji ya ce wasan yara ne. Ita ta ce in rubuta, ba komai.

Kabula tana da gidan gem, inda ake wasannin bidiyo, a unguwarmu ta Kirumba, a nan Mwanza. Ɗaki ɗaya ne da talabijin da bencuna, samari suna cika shi da ihun ƙwallo. Tana da 'yan'uwa maza biyu: yayanta Masanja, mai gyaran injin kwalekwale a bakin tafki, da autansu Shija, ɗan bodaboda, wato ɗan acaɓa. Da mahaifinsu ya rasu, Masanja ya sayar da kwalekwalen tsohon bai shawarci kowa ba. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Amma kowace Lahadi bayan an tashi coci, sai ka gan su sun shigo shagon, kowa da lokacinsa, su zauna a benci ɗaya. Ba sa yin ƙwallo. Wani tsohon wasan tseren mota suke yi, wanda yake raba fuskar talabijin biyu, Masanja a sama, Shija a ƙasa. Ba sa kallon juna, talabijin suke yi wa magana.

"Wai wannan ne mai ɗaukar mutane a babur," in ji Masanja. "Allah ya tsare fasinja."

"Mai gyaran inji, ga motarsa tana hayaƙi," Shija zai gaya wa talabijin.

Kabula takan ajiye musu shayi da soyayyen rogo ta koma gefe. Ta sani sarai, ran da wannan zama ya ƙare, babu sauran abin da ya rage tsakanin su biyun.

Sai mijinta, Baban Limi, ya dawo daga Dar es Salaam da sabuwar na'urar gem, yana ta fara'a. Tsohuwar da ake tseren a kanta ya bayar aka yi musaya. Sabon tseren kuwa ba a magana: ana ganin ganyen bishiya yana motsi, ruwan sama yana gangarowa a gilashin mota. Ranar Asabar Kabula ta yi ta neman inda ake raba fuskar biyu, ba ta gani ba.

"Anti, ai an daina wannan," wani cikin samarin ya ce mata. "Yanzu kowa a ɗakinsa yake, ta intanet ake haɗuwa."

Ba ta ga laifin mijinta ba. Da zuciya ɗaya ya sayo.

Lahadi ta zo. Masanja ya riga zuwa, Shija ya biyo baya da hular kwano a hannu. Suka zauna, aka yi musu bayani. Masanja ya daɗe yana kallon talabijin ɗin.

"Kabula, wannan shi ne ci gaban?"

"Haka suka yi shi, Yaya."

"Baba, dubi ruwan saman nan fa," in ji wani saurayi. "Kamar gaske."

"Yaro, a kan ruwa nake wuni, ba shi na zo gani ba. Da can mota kamar akwatin sabulu take, amma mutum biyu suna zama. Yanzu an gyara bishiya an kori mutum."

"Ai 'yan da haka suke, komai sabo lalacewa ne," wani ya ce daga baya, aka yi dariya.

"Tsufa ne," Shija ya gaya wa bango. Amma shi ma ya jawo hularsa kusa.

Masanja ya dafa gwiwa zai tashi. Kabula ba mai yawan magana ba ce, ko a shagonta da ido take yi wa yara faɗa. Ta ɗauko fad ɗin, abin da ake riƙewa a danna, ta ajiye shi a benci a tsakaninsu.

"Na riga na kunna. Ko zagaye ɗaya ne, ɗayanku ya yi."

Tare suka kai hannu. Masanja ya kama ɓangaren hagu, Shija ya kama na dama.

"A saki," in ji Masanja.

"Wanda ya saba ɗaukar abu shi kaɗai, yau ya saki," in ji Shija.

Ba wanda ya saki. Ana cikin haka fitilar tsere ta koma kore, motoci suka wuce suka bar tasu a tsaye. Ashe sitiyari a hagu yake, ƙarƙashin yatsan Masanja, totur da birki kuwa a dama. Shija ya danna totur don neman magana, mota ta zabura ta daki shinge. Masanja ya juyo da ita. Shija ya ƙara wuta. Suka sake shiga ciyawa.

"Rage wuta, kwana ce."

"A juya mana."

"Shija, birki. Birki na ce."

"Na taka, Yaya, kai ne ka makara."

Kabula tana zuba shayi ta ji wannan "Yaya", har ya zuba a faranti ba ta lura ba.

Su ne na ƙarshe a tseren, har wasan ya gaji da jiransu. Samari suka tafa musu na tsiya. Masanja ya matso saboda hannunsa ya sage, kafaɗarsa ta jingina da ta ƙanensa.

"Sake sa mana, Kabula. Wannan yaron bai san birki ba sai ya ga lahira."

"Kai kuma mota kake tuƙawa kamar kwalekwale."

Suka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Sau ɗaya suka wuce wata mota ja, suka yi ihu tare, sannan kowa ya kama kansa. Masanja bai fasa cewa wasannin yanzu ba su da kirki ba, yana faɗa yana neman a ƙara. Maganar kwalekwale dai ba wanda ya sake tayar da ita, kuma Kabula ba ta sa ran za a gama ta a rana ɗaya ba.

Da za su tafi, Masanja ya tsaya a ƙofa yana gyara takalmi.

"Ta bakin tafki za ka bi?"

"Hau. Amma a nan sitiyari da birki duk nawa ne."

"To Allah ya kai mu da rai."

Washegari Kabula ba ta buɗe shago da wuri ba. Ta sayi soyayyen kifi, ta shiga daladala, motar haya, zuwa Igoma wurin mahaifiyarsu, ta same ta tana shara a tsakar gida. Ta karɓi tsintsiyar, ta zaunar da ita, ta ba ta labarin tun daga farko.